Wa Zai Fito A Matsayinsa? Nazari Kan Fim Ɗin Tarihin Rayuwa

Fim ɗin tarihin rayuwa shi ne wanda ake ɗauko mutumin da ya rayu da gaske, a sa ɗan wasa ya ari fuskarsa da muryarsa. Aiki ne mai nauyi, domin mai kallo ba kasafai yake komawa littafi ya tantance abin da ya gani ba. Shi ya sa zaɓen jarumi yake zama hukunci na farko da masu fim ke yanke wa marigayi, tun kafin a kunna kyamara.

Labarin Steve Jobs, wanda ya kafa kamfanin Apple tare da Steve Wozniak a 1976, ya nuna haka ƙarara. Bayan rasuwarsa a 2011 an yi manyan finafinai biyu a kansa. A na 2013 an ɗauko Ashton Kutcher, wanda ya yi kama da shi sosai, har tafiyarsa ya kwaikwaya. Amma Wozniak ya fito ya ce an karkatar da yadda abubuwa suka faru. A na 2015, wanda Danny Boyle ya ba da umarni, an ɗauko Michael Fassbender, wanda bai yi kama da Jobs ba. Marubucin, Aaron Sorkin, ya taƙaita rayuwar mutumin a bayan fagen ƙaddamar da kwamfutoci uku, a 1984 da 1988 da 1998, ya sa 'yarsa Lisa, wadda ya daɗe yana musun cewa tasa ce, a tsakiyar labarin. Na farkon ya bi siffa, na biyun ya bi hali, kuma na biyun ne masu sharhi suka fi yabawa, domin ya bar mai kallo da tambaya: shin hazaƙar mutum tana wanke zafin halinsa?

A ƙasar Hausa wannan reshe bai yi ƙarfi ba. Adamu Halilu ya yi Kanta na Kabi a shekarun 1970, Med Hondo ya yi Sarauniya a 1986, kan Sarauniyar Lugu ta Nijar, sai fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a 2021. Duka sarakuna ne na da. Tun daga Turmin Danya na 1990 har yau, Kannywood ta fi karkata ga soyayya da rikicin gida, ta bar attajirai irin su Alhassan Ɗantata a littafi da bakin dattawa.

Dalilin bai tsaya ga rashin kuɗi ba. Muna da tsohuwar hanyarmu ta adana sunan manya, wato waƙar yabo, kuma Zamfara ce gidanta: Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sun isa shaida. Makaɗin fada yana ɗaga ubangidansa, zambo kuma sai ga abokin hamayya. Ga tarbiyyar da ta hana mu tona asirin mamaci, ga iyalansa da ke raye suna kallo. Marubucin da ya tashi cikin wannan al'ada, da ya ɗauki alƙalami sai hannunsa ya tafi ga kirari. Fim kuwa ba ya tsayuwa sai da mutum mai rauni da kuskure da abokan saɓani masu hujja.

A ɗauki Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa a zamanin Sardauna, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Ba ɗan kasuwa ba ne, amma yana cikin malaman farko da suka gane ƙarfin na'urar zamani. Tafsirinsa na masallacin Sultan Bello ya shiga ƙauyuka ta Rediyon Kaduna da kaset, a lokacin da karatu yake zaune a zaure. Dubban mutane ba su taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa suka sani. Saboda haka duk wanda zai fito a matsayinsa, kunne ne zai fara yi masa alƙalanci. Sannan jarumin da aka saba gani yana rawa da waƙa ba zai naɗa rawanin malami jama'a su yarda ba. Abu mafi wuya kuma shi ne, 'yan Izala da mabiya ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya ba su yi masa kallo ɗaya ba. Fim na gaskiya sai ya ba malaman da suka yi jayayya da shi 'yan wasa masu kwarjini daidai da nasa.

Yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara ma suna da nasu darasin ga masu fim. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, bayan an riƙa shigo da duwatsun zinare cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka fara share masa gurɓatacciyar ƙasa. Duk ranar da aka tashi yin fim kan wani attajirin da ya yi arziki da injin niƙa da zinare, to dole uwar da ta binne ɗanta ta samu suna da magana a cikinsa, kada ta zama 'yar cika fage.

Kirana ga marubuta da daraktocinmu shi ne su shiga wannan fage da bincike. Su zauna da iyalai, su saurari masoya da masu suka, su zaɓi ɗan wasa don iyawarsa, ko da sunansa bai kai kasuwa ba. Iyalai kuma su yi haƙuri da gaskiyar da aka faɗa cikin ladabi. Yaranmu a waya suke koyon tarihi yanzu, kuma haƙƙinsu ne a nuna musu mutanensu yadda suke.