Sarah Bernhardt: A Rage Tsegumi, A Ba Mu Labarin Sana'arta

Akwai wani yayi da ya kama masu shirya finafinai da marubuta tarihin mutane, kuma yana damuna. Duk lokacin da suka waiwayi wata tsohuwar 'yar wasan daɓe, abin da suka fara tambaya shi ne: da wa ta yi soyayya, wa ya haifi ɗanta, me jaridu suka ce a kanta. Aikin da ya sa aka san sunanta tun farko sai ya koma gefe. Wadda ta fi shan wannan a 'yan shekarun nan ita ce Sarah Bernhardt ta Faransa, wadda aka haifa a Paris a 1844, ta rasu a 1923. Cikarta shekara ɗari da mutuwa ya sa aka sake ɗauko labarinta, har aka yi mata babban baje koli a gidan tarihi na Petit Palais a 2023. A ƙarshen 2024 kuma Guillaume Nicloux ya fitar da fim a kanta, Sandrine Kiberlain ta fito a matsayinta, aka ɗora nauyin labarin a kan soyayyarta da ɗan wasa Lucien Guitry. Mace ta yi shekara sittin tana hawa dandamali, amma ƙofar da aka zaɓa a shiga rayuwarta ita ce ta ɗakin kwana.

Na san amsar da ake bayarwa: ai ita ta jawo. Da gaskiya a ciki. Sarah ta san amfanin surutu fiye da kowa a zamaninta. Ta ajiye akwatin gawa a gida, ta kwanta a ciki idanu rufe, an lulluɓe ta da furanni, mai hoto ya ɗauka, hoton ya shiga kasuwa ana saye. A 1878 ta hau balan-balan mai tashi sama ta ratsa sararin Paris, ta rubuta ɗan littafi a kan tafiyar. Ta tara namun daji a gida. Duk wannan talla ce, kuma ta ci ribarta. Sai dai ko labarin akwatin nan yana da ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A littafin tarihin rayuwarta na 1907 ta bayyana cewa lokacin da ƙanwarta Régina take fama da tarin fuka, ta bar mata gadon, ita kuma ta riƙa kwana a akwatin saboda ɗakin ya yi ƙanƙanta. Jarida ta ɗauki abin mamakin, ta bar jinyar.

Kuma abin da mutum ya ƙirƙira don tallar kansa daban, ƙazafin da aka ɗora masa daban. Masu cewa ita ta jawo sukan haɗa biyun a buhu ɗaya. A 1879, tana Landan tare da ƙungiyar wasan Comédie-Française, jaridun Paris suka yayata cewa tana nuna kanta cikin kayan maza ana biyan kuɗin kallo, har sai da ta aika wa Albert Wolff na jaridar Le Figaro saƙon ƙaryatawa. Mafi muni ya zo a 1883. Marie Colombier, 'yar wasa ce da suka yi rangadin Amurka tare a 1880 zuwa 1881 suka ɓata, ta wallafa littafi mai suna Les Mémoires de Sarah Barnum. Sunan kansa zagi ne, domin Barnum ɗan Amurka ne da ya shahara da nuna abubuwan al'ajabi don kuɗi. Littafin ya siffanta ta a matsayin karuwa mai haɗamar dukiya, ya kuma yi ta jifan ta da asalinta na Bayahudiya, irin jifan da masu zanen barkwanci a jaridu suka daɗe suna yi mata da hanci da kuɗi. Sarah ta fusata ta kutsa gidan Colombier da bulala a hannu, aka farfasa kaya. Washegari jaridu sun samu abinci, littafin ya ƙara kasuwa. Kotu ta hukunta Colombier daga baya saboda batsar da ke ciki, amma hukuncin bai goge abin da ya riga ya shiga bakin duniya ba.

A nan ne matsalar take ga mai rubuta tarihi. Wasan daɓe yana mutuwa a daren da aka yi shi. Da an sauke labule, murya ta tafi, motsin hannu ya tafi, shirun da ya kama 'yan kallo ya tafi. Abin da ke saura a ɗakin ajiye littattafai shi ne takarda, kuma takardar da ta fi yawa ita ce ta 'yan tsegumi. Saboda haka marubucin da bai yi da gaske ba, abin da zai kwaso ke nan, ya goge shi ya kira shi bincike. Har yau ana maimaita cewa Barnum ya nemi sayen ƙafarta da aka yanke don ya nuna wa jama'a, alhali mutumin ya mutu tun 1891, ƙafar kuwa a 1915 aka yanke ta. Mu da muke ganin yadda labarin auren 'yar fim da mutuwarsa yake danne duk finafinan da ta yi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ba wai babu shaidar aikin ba ce. Nemanta ne ke da wahala. Ga daren farko a gidan wasan Gaiety na Landan a 1879, inda ta fito a wani sashe na wasan Phèdre. Ita da kanta ta ba da labarin yadda tsoro ya kama ta, ta fara magana da murya sama fiye da kima, ta kasa saukowa, dole ta ci gaba a haka har ƙarshe, ƙarfinta ya ƙare. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya san wannan tarkon. Ga 1899, tana da shekara 54, ta fito a matsayin Hamlet, ta ƙi yin sa a matsayin raggon saurayi mai yawan kuka kamar yadda aka saba, ta mai da shi yaro mai kuzari da azama. A 1900 ta sake zama saurayi a wasan L'Aiglon na Edmond Rostand, inda ta fito a matsayin ɗan Napoleon da ya mutu yana da shekara 21. Yaya mace mai shekara 55 take koyon tafiyar soja matashi, da takobi a ƙugu, har dubban mutane su yarda? Wannan tambaya ta fi min wace ce budurwar wane daɗin ji.

Ko masu sukar ta a kan sana'a sun fi masu yabon ta a kan tsegumi girmama ta. A 1895 ita da Eleonora Duse ta Italiya suka yi wasa ɗaya, Magda, a Landan, kwanaki kaɗan tsakani. Mai sharhin wasanni George Bernard Shaw ya kalli duka biyun ya fifita Duse, ya ce Sarah ba ta shiga rigar wadda take kwaikwaya, kanta take ɗorawa a wurin. Suka ce mai zafi, wataƙila ma ta wuce gona da iri. Amma ya zauna ya kalla, ya auna ta da ma'aunin aikinta, kuma daga rubutunsa muna iya hango yadda take tsayuwa a dandamali. Littafin Colombier kuwa ba ya koya mana ko abu ɗaya game da wasa.

Sannan ga ta a matsayin mai gudanar da harka, wanda shi ma ake tsallakewa. A 1880 ta fice daga Comédie-Française, gidan da kowane ɗan wasa a Faransa yake mafarkin shiga, kotu ta ci ta tarar faran 100,000, ta kafa tata ƙungiyar ta tsallaka teku. Ta riƙe gidan wasan Renaissance daga 1893, sannan daga 1899 ta karɓi wani babba a dandalin Châtelet ta sa masa sunanta, sunan da aka cire lokacin da Jamus ta mamaye Faransa saboda asalinta na Bayahudiya. A yaƙin 1870 ta mai da gidan wasan Odéon asibitin sojoji. A rikicin Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, ta tsaya tare da marubuci Émile Zola mai kare shi, abin da ya haɗa ta faɗa da ɗanta Maurice. Bayan yanke ƙafar ma, a 1916, a kujera aka ɗauke ta zuwa bakin daga ta yi wa sojoji wasa.

Ban ce a ɓoye soyayyarta ba. Ita ma ba ta ɓoye ba. Abin da nake nema shi ne a ba kowane abu gwargwadon nauyinsa. Da ni ke da kuɗin shirya fim, da rangadinta na Amurka na 1905 zuwa 1906 zan ɗauka. Gungun 'yan kasuwar da suka mamaye gidajen wasan ƙasar sun rufe mata ƙofa saboda ta ƙulla yarjejeniya da abokan hamayyarsu, 'yan gidan Shubert. Sai aka kafa mata ƙaton tanti a Texas, mai ɗaukar dubban mutane, ta shiga tana da shekara 61, gwiwarta na ciwo, ta yi wasa da Faransanci a gaban jama'ar da yawancinsu ba sa jin harshen, kuma tantin ya cika.