Mai majigi da ɗigon kusurwa

A Shikago ta ƙasar Amurka akwai wani gidan sinima, Music Box, da aka buɗe tun 1929. Yana cikin ƴan gidajen da har yau suke nuna tsofaffin fina-finai a kan ainihin zaren fim mai faɗin milimita 70, wato ninki biyu na mai milimita 35 da aka saba. Ƴan kallo sukan zo ne don girman hoto da tsabtarsa. Ni kuwa hankalina yana wurin mutumin nan da ke ɗan ɗakin sama, bayan tagar gilashi.

Mu ɗauki Lawrence of Arabia, fim ɗin David Lean na 1962. Ya haura awa uku da rabi, kuma zarensa yana bi ta cikin majigi kamar mita 34 a kowane minti. In aka warware shi duka, ya fi kilomita bakwai. Saboda haka a rarrabe yake zuwa, naɗi-naɗi cikin akwatunan ƙarfe masu sa ƙato nishi.

Kafin a kunna komai, mai majigi zai ɗora naɗin farko a teburin dubawa. Hannu ɗaya yana juya mariƙi, yatsu biyu na ɗaya hannun suna riƙe da gefen zaren kawai, domin tsakiya wurin hoto ne, ba a taɓawa. Yatsun nan su ne idanunsa. Kowane hoto yana da huji biyar a kowane gefe, inda haƙoran inji suke kamawa, kuma huji ɗaya da ya tsage zai ji shi kafin ya gan shi. Hanci ma yana aiki: tsohon zare in ya fara ruɓewa, warin ruwan khal yake yi. Wanda kuma launinsa ya koma ja-ja, shuɗinsa ne ya koɗe, kuma wannan ba shi da magani a ɗakin majigi.

Sai maganar sauti. A tsofaffin kwafi, sautin yana kan wasu siraran layuka masu maganaɗisu da aka shafa a jikin zaren, hanyar murya har shida. Sukudireba ɗaya da ta ɗauki maganaɗisu, in ta kusance su, tana iya barin ƙara a wurin har abada. Don haka sai an bi duk ƙarfen da zare zai taɓa da na'urar cire maganaɗisu. Aiki ne mai gundura, ba mai ganinsa, kuma nan ne rago yake tsallakewa.

Wajen zura zaren, yakan bar ɗan lanƙwasa sama da ƙasan ƙofar haske. Dalili kuwa, fim ba gudu yake yi kai tsaye ba. A bakin ƙofar, kowane hoto yana tsayawa cak, haske ya ratsa shi, a fizge shi, na gaba ya zo, sau 24 a sakan guda. Lanƙwasar ce take sulhunta mai fizga da mai ja a hankali. In ta yi kaɗan zare ya ji jiki, in ta yi yawa ya goga ƙarfe ya karce.

Masu ajiyar kwafi masu daraja yawanci ba sa yarda a yanke naɗin a haɗe su wuri ɗaya. Ke nan sai majigi biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran gado. Naɗi yana gab da ƙarewa, mai majigi zai tsaya jikin injin da ke jira, ya kafa ido a kusurwar dama ta saman allo. Wani ɗan ɗigo zai ƙyafta, tsawon hoto huɗu kacal, kashi ɗaya cikin shida na sakan. Ya tayar da injin. Bayan kamar sakan bakwai ɗigo na biyu ya ƙyafta, ya rufe hasken wancan, ya buɗe na wannan, hoto da sauti lokaci guda. Wanda ya yi ƙiftawar ido a mugun lokaci, allo ya yi fari fat. Dattawan da suka yi zamanin sinima a Kano ko Kaduna sun san irin ihu da fito da ke biyo bayan wannan.

A sinimar zamani, fim fayil ne a kwamfuta, a latsa maɓalli a tafi shan shayi. A nan ba zama. Da ya sauya, sai ya cire naɗin da ya ƙare, ya goge ƙofar haske da ɗan buroshi, ya zura na gaba, ya leƙa ko hoto ya dushe saboda zafin fitila, ya ɗan murɗa gilashi.

A Lawrence of Arabia akwai wurin da ɗan wasa Omar Sharif yake fitowa daga ƙawalwalniyar hamada. Da fari ɗigo ne baƙi can nesa, yana rawa cikin zafi, har ya zama mutum a kan raƙumi. A waya, ɗigon ɓacewa yake yi. A milimita 70 kuwa, zaure kan yi tsit, kowa ya zuba masa ido tun yana ƙwayar gero. Mai majigi ya riga ya ga wannan wurin ba adadi. Shi yana duba sauran zaren da ya rage a naɗi, hannunsa kusa da makunni.