Rahotanni biyu a kan kisan Lumumba

Kwamitin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa a 1961 bai taka ƙasar Kwango ba, daga nesa ya saurari shaidu. Duk da haka ya ƙaryata labarin mahukuntan Katanga, wai mutanen ƙauye ne suka kashe Lumumba bayan ya tsere.

Rahoton ƴan majalisar Beljik na 2001 ya fi shi hujja, tunda an buɗe masu takardun gwamnati, amma a ganinmu ya fi shi tsoro. Ya ɗora wa wasu ministocin lokacin "responsabilité morale", wato nauyin lamiri, wanda alƙali ba ya hukunci da shi. Sai da iyalan mamacin suka kai ƙara da kansu a Buruksel a 2011.