Sawun Wa'adi a Zubin Ƙagaggen Labari: Nazari a kan Ɗan Caca na Dostoyefski

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun fi duƙufa a kan jigo da salo da zubi da tsari, amma ba safai suke tambayar tsawon lokacin da aka ba marubuci ya gama aikinsa ba. Alhali kuwa wa'adi na tare da rubutun zube na Hausa tun yana jariri. A cikin 1936 aka aro Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata 6, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Marubutan intanet na yau, masu sakar wa makaranta shafi kullum, su ma suna cikin irin wannan matsi. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce a dubi yadda wa'adi ke barin sawunsa a jikin labari. An ɗauko misalin daga adabin Rasha ne saboda an adana tarihin rubuta littafin kusan rana-rana.

2.0 Yarjejeniyar

A cikin 1865 bashi ya yi wa Fiyodo Dostoyefski katutu. Sai ya karɓi rubul 3,000 daga wani mai buga littattafai, Stelofski, bisa sharaɗin zai miƙa masa sabon labari zuwa 1 ga Nuwamba 1866. Idan ya saɓa, Stelofski zai yi shekara 9 yana buga duk abin da ya rubuta ba tare da ya biya shi komai ba. Shi kuwa marubucin sai ya shafe mafi yawan 1866 yana fama da wani littafin daban, wato wanda aka sani da Laifi da Hukunci, wanda ke fita kashi-kashi a mujalla. Oktoba ta kama bai fara na Stelofski ba.

Abokansa sun ba da shawarar su raba babi-babi su rubuta masa, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi shi ne a samo mai rubutun nan na alamomi da sakatarori ke yi, ya riƙa yi mata shifta. Aka kawo Anna Sinitkina, 'yar shekara 20. Sun fara ranar 4 ga Oktoba, suka gama ranar 29, bisa kalandar Rasha ta lokacin, kwana 26 ke nan. Da ya kai littafin sai ya tarar Stelofski ya bar gari, don haka ya ajiye shi a ofishin 'yan sanda ya karɓi rasit. (Ya auri Anna a Fabrairun 1867, amma wannan ba huruminmu ba ne a nan.)

3.0 Abin da Aka Shirya da Abin da Aka Gaggauta

Kwana 26 ɗin nan su ne ke ruɗin ɗalibai. Na taɓa kawo wannan misali a aji, sai wani ɗalibi ya ce ashe shi ma zai iya gama labari a hutun zango ɗaya. Abin da bai lura da shi ba shi ne, a Satumbar 1863, shekara 3 kafin a fara shiftar, Dostoyefski ya riga ya rubuta wa abokinsa Strakhov wasiƙa daga Roma yana zayyana masa labarin wani Barashe ɗan caca a ƙasar waje. Ya kuma san teburin caca da kansa, domin ya yi ta asara a Wiesbaden ta Jamus. Wato an daɗe da yin shuka, girbi kawai aka yi a Oktoba.

Duk da haka, wa'adin ya zaɓa wa littafin zubinsa. Tauraron labarin, Aleksei, malami ne a gidan wani Janar, kuma shi ke ba da labarin da bakinsa a matsayin abin da yake rubutawa. Mai shifta ba ya da lokacin shiga zukatan mutum goma. Murya ɗaya yake buƙata, wadda in ta yi tuntuɓe ko ta maimaita kanta za a ce halin mai ita ne. Kusan duk labarin kuma a gari ɗaya yake, tsakanin masauki da gidan caca, da 'yan taurari ƙalilan. Idan aka lura, dabarar Imam ba ta yi nisa da wannan ba: ya kafa aku a matsayin mai ba da labari, ya rataya masa hikayoyin da ya samo daga Alfu Laila da wasu littattafai, ya yi musu riga da wando na Hausa.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne zuwan Kaka. Babi takwas ana jiran saƙon mutuwarta daga Rasha, domin Janar ya ci gado ya biya bashi ya yi aure. Kwatsam sai ga ta da ranta, 'yar shekara 75, ana ɗauke da ita a kujera, tana tsawa, tana tambayar hanyar gidan caca. Ta nace sai an zuba mata kuɗi a kan sifiri, ta ci, ta koma, ta yi ta zubawa har wani babban kaso na dukiyar da magada ke haɗiyar yawu a kanta ya salwanta a gaban idonsu. A nan gaggawar marubuci da gaggawar 'yar caca sun zama abu guda. Jimlolin gajeru ne, zance na bin zance, mai karatu ba ya samun sararin numfashi. A ganina da an ba shi shekara guda ya yi ta gyara, da wataƙila ya sanyaya wannan wuri.

Amma gaggawa ba ta kyauta. Polina, wadda Aleksei ke so, ita ta fi cutuwa. Ta zo ɗakinsa, ta kwana, da safe ta watsa masa faran 50,000 a fuska ta fita. Wasu masharhanta na ɗaukar wannan duhu a matsayin gwaninta, wai haka mace ke zama wa mai son ta abin da ba ya ganewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ban gamsu ba gaba ɗaya, domin alaƙarta da Bafaranshen nan De Grieux, wadda ita ce tushen wulaƙancinta, an taɓo ta ne kawai aka wuce. Haka nan zaman Aleksei a Faris, inda Blanche ta cinye abin da ya ciwo cikin 'yan makonni, babi ɗaya tak aka ba shi, kuma mafi yawansa rahoto ne, ba a nuna wa mai karatu ba. Daga nan babi na 17 ya tsallake shekara guda da wata 8, aka sa Baturen Ingila, Astley, ya zauna ya faɗa wa Aleksei da baki cewa Polina ta so shi, abin da ya kamata babobin baya su riga su tabbatar.