Jinjina ga Masu Sharhin Fada

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, matasan fada da ke tsefe kowane sabon kashi na wasan kwaikwayon Labarina ko Daɗin Kowa, buta na kan gawayi, sun cancanci jinjina. Tun buɗe tashar Arewa24 a 2014, Kano ke shirya irin waɗannan wasanni, amma hukuncin mako-mako na masu kallo ne, har da na ƙetaren iyaka. Wasu na cewa wannan sharhi ɓata lokaci ne. To ai ba 'yan wasa kaɗai ake musu a kansu ba. Rabon gado ake tattaunawa, da sakin aure da cin amanar ɗan'uwa, maganganun da kunya ke hana yaro tayarwa a gaban manya. Marubutan Kano, ku riƙa sauraron Ƙonni da Adar.