Tarken Fassarar Alamomin Adon Bangon Gida: Daga Zariya Zuwa Gadarif

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri a kan adon gine-ginen Hausawa sun saba da wata hanya guda. Sukan zana jadawali mai gida biyu, su jera alamomi a gefe ɗaya, su jera ma'anoninsu a ɗaya gefen: dagi haɗin kai, takobi jarunta, zanko sarauta, wata da tauraro Musulunci. Irin wannan jadawali ya shiga takardun yawon buɗe ido, ya shiga bakin masu yi wa baƙi jagora a gidajen tarihi, har ya zama kamar karatun da ba a tambayar inda aka samo shi. Wannan takarda tarke ce a kan wannan hanya ta fassara. Za ta auna ta da abin da masana suka rubuta game da gidajen Zariya, sannan ta gwada ta da halin Hausawan Gadarif da ke gabashin ƙasar Sudan, inda harshe ya je ya zauna amma bango bai bi shi ba yadda mai jadawali zai yi zato.

2.0 Suna daban, ma'ana daban

Kuskuren farko na jadawalin shi ne cakuɗa sunan alama da ma'anarta. Ɗalibin harshe ya san cewa sanin asalin kalma ba shi ne sanin aikinta a cikin jimla ba. Haka abin yake a bango.

A ɗauki dagi. A Hausa kalmar tana nufin tafin ƙafar kyanwa ko zaki ko damisa, kuma tana nufin wannan ƙulli mai sarƙaƙiya da ake gani a aikin riga da na dukawa da jikin soro. Dagin haƙa rami kalma ce daban. Sunan ke nan ya fito ne daga kamanni, ba daga wani darasi da ake son koyarwa ba. Ma'anar haɗin kan Arewa da kowa ya haddace a yau ta yi ƙarfi ne a zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, tsakanin 1954 da 1966, lokacin da aka ɗauki alamar aka mai da ita tambarin yanki. Maginin da ya ɗora dagi a goshin zaure kafin wannan lokaci ba Jihar Arewa yake nufi ba, domin babu ita a matsayin da aka san ta daga baya. Hasali ma ƙullin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Ana samun danginsa a aikin Yarbawa, da adon littattafan ƙasashen Musulmi, har da daɓen tsofaffin gine-ginen Rumawa. Wannan bai rage masa daraja ba. Abin da ya nuna shi ne, ma'anar tana da ranar haihuwa, kuma jadawalin ya ɓoye ranar.

Zanko ma haka ne. Kalmar ta tuntun zakara ce da tukkun gashin kai, aka aro ta aka ba wa tsinin da ke kusurwar soro. An fassara shi da ƙaho, an fassara shi da takobi, wasu kuma suna kiransa kunnen zomo. Shi kuwa magini yana da bayanin da ya fi waɗannan sauƙi: nauyin zanko yana danne kusurwa, yana kare ta daga cin ruwan sama, kuma wurin maƙala igiya ne idan za a hau yaɓe kafin damina. Ba a ce zanko ba ya nuna isa ba. Gida mai zankwaye da yawa gidan mai hali ne, kowa ya sani. Amma isar ba a cikin siffar tsinin take ba, tana cikin kuɗin da aka kashe da maginin da aka iya ɗauka.

3.0 Abin da magabata suka gano

Kirk-Greene (1963) ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado. Abin da ya fi jan hankali a adon gidajen wannan zamani shi ne yadda keke da agogo da mota da jirgin sama suka zauna kusa da dagi da takobi ba tare da wata rigima ba. Mai jadawali yakan tsallake waɗannan, domin ba su yi masa kama da gargajiya ba, alhali kuwa su ne suka fi bayyana yadda abin yake aiki. Keke a bango ba ya bukatar malamin fassara. Mai gidan yana gaya wa unguwa cewa ya samu, kuma shi ɗan zamani ne.

Heathcote (1976) ya nuna kusancin adon bango da na ɗinkin riga da aikin fata. Wannan muhimmi ne ga ɗalibin harshe, saboda sunaye irin su aska takwas da tambari a bakin maɗinka suka fi zama, kuma siffofi suna ƙaura daga wata sana'a zuwa wata kamar yadda kalmomi ke ƙaura daga wani kari zuwa wani. Saad (1981) ya koma wurin gwanayen magina da kansu, ya nemi ma'aunin da suke auna kyan aiki da shi. Schwerdtfeger (2007), wanda ya daɗe yana bin gidajen Zariya, ya ɗora nazarinsa a kan masu gidajen da sana'o'insu da masu yin adon, da kuma sauyawar kayan aiki daga laka da makuba zuwa siminti da fenti. Duk waɗannan ayyuka suna kai mai karatu ga abu ɗaya: adon waje mai yawa da ake dangantawa da Zariya ya bunƙasa ne a ƙarni na 20 tare da arzikin 'yan kasuwa. A ƙarni na 19 gwanintar magina ta fi fitowa a ciki, kamar yadda ake gani a masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846).

Aikin da ya fi ba mai jadawali ƙarfin gwiwa shi ne na Prussin (1986), mai suna Hatumere. Kalmar Fulatanci ce, 'yar'uwar hatimi a Hausa, duka daga Larabci. Ra'ayinta shi ne rubutun Larabci da hatimin malamai da laya sun yi tasiri mai zurfi a kan zayyanar Afirka ta Yamma, har da ta gine-gine. Ra'ayi ne mai tushe. Ƙofa wuri ne da Bahaushe yake tsaronsa, shi ya sa ake binne abu a bakinta ko a rataye laya a samanta, kuma ba banza ba ado ya fi taruwa a kewayen ƙofar zaure. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka ɗauki wannan mabuɗi guda aka ce sai ya buɗe kowace ƙofa. Akwai murabba'in da hatimi ne, akwai kuma wanda magini ya yi don ya cike fili. Wanda bai tambayi mai aikin ba, ba shi da hanyar rarrabe su.

4.0 Gadarif

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Makka. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, noman inji na dawa da riɗi ya fara a yankin a tsakiyar shekarun 1940, aikin gona ya janyo mutanen yamma masu yawa, waɗanda ake haɗa su a kira su Fallata ko Takari. A yau jikokinsu 'yan Sudan ne. Abu-Manga (1999) ya yi cikakken nazari a kan yadda Hausarsu ta rayu tana kuma karɓar tasirin Larabcin Sudan.

Idan da gaske ne dagi da zanko haruffa ne na wani rubutu da kowane Bahaushe yake ɗauke da shi, to da an sa ran ganin Gadarif cike da soraye masu zayyana irin na Zariya ko Damagaram. Ba a san garin da wannan ba. Ginin da aka san yankin da shi shi ne guɗɗiyya, wato ɗaki kewayayye mai jinkar ciyawa, da rakuba ta shan inuwa, da dangar kara, sai kuma ginin bulo da ƙofar ƙarfe ga wanda ya samu hali.

Dalili na farko ƙasa ce. Gadarif tana zaune a kan baƙar laka mai kumbura da damina, mai tsagewa da rani, irin wadda ake kira firki a Barno. Ƙasa ce mai albarkar noma amma maƙiyiyar bango mai nauyi. Adon laka yana son jar ƙasa mai kyau da tubali da makuba, yana kuma son bangon da zai tsaya ba motsi. Dalili na biyu mutane ne. A Kano da Zariya gini sana'ar gado ce mai Sarkin Magina, mai iyayen gida daga cikin sarakuna da attajirai. Mahajjaci yana iya ɗaukar allonsa da allurarsa da askarsa ya yi tafiyar shekaru, amma ba ya ɗaukar wannan tsari a kafaɗa. Ga alama shi ya sa sana'o'in hannu masu sauƙin ɗauka suka fi saurin tsallakawa.

Dalili na uku ya fi zurfi. Yamba (1995) ya yi bincike a cikin Hausawan yankin Jazira, ya tarar da mutanen da aka haife su a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, amma suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, suna kuma ƙyamar gini mai ɗorewa don kada ya zama shaidar sun fasa niyya. A Jazira ya yi aikinsa, kuma shekaru sun ja tun lokacin, don haka ba daidai ba ne a shafa sakamakonsa a kan kowane gida a Gadarif. Duk da haka ya koyar da abin da jadawali ba zai iya ɗauka ba: rashin ado ma magana ne. A Zariya bango mai zayyana yana cewa mai gida ya kafu. A wurin wanda yake ganin kansa a zango, bango marar komai yana cewa bai sauke kaya ba tukuna. Jadawali mai gida biyu ba shi da layin da zai rubuta wannan, domin babu siffar da zai zana a gefen hagu.

Akwai kuma alamar da ta zama ruwan dare a Sudan da Masar, wato shafa wa gidan alhaji farar ƙasa a rubuta addu'ar karɓar aikin hajji a gefen ƙofa, wani lokaci da hoton Ka'aba ko jirgi. Wannan alama ma'anarta a fili take, kuma tana da lokaci: labari ce ta shekara guda, ruwan sama yana wanke ta. Ga zuriyar da hajji ne ya fito da kakanninta daga gida, nauyin wannan rubutu ya wuce na ado. Siffa ɗaya ce a ƙofar Balarabe da ta Bahaushe, amma abin da take rufewa a tarihin gidajen biyu ba ɗaya ba ne.

Wani misali daga cikin Sudan ɗin yana ƙarfafa wannan. Wenzel (1972) ta nazarci adon gidajen Nubiyawa na yankin Wadi Halfa gab da ruwan madatsar Aswan ya cinye su. Gidaje ne masu zanen laka da farantan tangaran da aka manna a saman ƙofa, waɗanda ake dangantawa da kariya daga kambun baka. Baƙi sun yi ta neman asalin zanen a zamanin Fir'auna, ita kuwa ta tarar da yawancinsa aikin ƙarni na 20 ne na masu sana'a da aka san sunayensu. A 1964 aka fara kwashe mutane kimanin 50,000 zuwa Sabuwar Halfa kusa da Hashmul Girba, a wannan shiyya ta gabas, aka zuba su a gidajen gwamnati iri ɗaya. Sun tafi da harshensu. Tsohon adon bai koma yadda yake ba.

5.0 Bango a gaban maƙwabta

Abu na ƙarshe da jadawalin ya manta shi ne, bangon waje ba mai gida yake yi wa magana ba, masu wucewa yake yi wa. A Zariya masu wucewar sun san harshen. A Gadarif kuwa Bahaushe yana zaune ne cikin Larabawa da Masalit da Bani Amir da sauran al'ummu, a ƙasar da batun wane ne ɗan asali yake haɗe da batun gona da sarauta. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka yi asarar rayuka masu yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da wasu garuruwa. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya ƙara cika Gadarif da 'yan gudun hijira.

A irin wannan wuri, alamar da ke cewa daga yamma aka zo ba ƙaramin abu ba ce. Dagin da ɗalibi a Kano zai fassara da haɗin kan Arewa, idan aka ɗora shi a ƙofar gida a Gadarif, Arewar wace ƙasa yake nufi? Ga mai gidan yana iya zama tunawa da kakanni. Ga wani mai wucewa yana iya zama hujjar cewa mai gidan baƙo ne, ko da kuwa kakansa ne ya sare dajin da aka yi unguwar.