Ai Imam Ma Saɓa Layi Ya Yi

Mai karatu, duk sa'ad da gardama ta ɓarke a kan littattafan soyayya ko finafinan Kano, sai ka ji an jawo sunan Alhaji Abubakar Imam, wai a koma irin rubutunsa. Mu nan Tudun Wadar Zariya, inda marigayin ya zauna, mun fi kowa alfahari da shi. Amma fa a gaya wa juna gaskiya: Imam ɗin nan shi ma saɓa layi ya yi.

A 1933 ne Dakta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga biranen Arewa yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai. Malamai da yawa ba su ga abin da mutunci ba. A wurinsu alƙalami na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Sai ga saurayi ɗan shekara 22, ɗan gidan malamai daga Kagara, ya rubuta Ruwan Bagaja. Bai ma tsaya nan ba, sai da ya laƙaba wa jarumin sunansa, Alhaji Imam, mai yawon duniya yana ramuwar gayya da Malam Zurƙe. In a yau ne, da wasu sun ce yaron nan ya zubar da girman gidansu.

Zancen aro kuma fa? Ana zagin 'yan fim da kwaikwayon Indiya tun zamanin Sangaya, alhali Magana Jari Ce cike yake da labaran da aka ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, kuma aku mai ba da labari dare bayan dare ya daɗe a adabin Indiya da Farisa.

To, amma kada 'yan fim su yi saurin tafi. Imam ya ari riga, sai ya kai ta wurin tela aka rage ta daidai jikin Bahaushe. Sarkinsa na Hausa ne, wazirinsa da kasuwarsa da barkwancinsa duk namu ne. Da yawa daga daraktocinmu kuwa rigar suke zurawa yadda suka same ta, har da rawa a gindin fulawa. Wannan ba tawaye ba ne, bin yarima ne a sha kiɗa.

In magajin Imam kake nema, dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta taɓo auren dole da wulaƙancin maza ana ta yi mata surutu. A 2012 aka fitar da Alhaki da Turanci, a ƙasar Indiya ma kuwa!

Saboda haka kafin ka jefi sabon marubuci ko darakta don ya bar hanyar da aka saba, tambayi abu guda: abin da ya kawo ya zama namu, ko har yanzu baƙo ne? Ma'aunin Imam ke nan.